Wa'adin haya ya cika, ɗan haya ya ƙi tashi: me doka ta ɗora wa mai gida?

Alhaji Mai Taki:
Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Shawara nake nema wurin masu sani. Ina da gida a Jabiri nan Funtua, ciki da falo biyu da shago a ƙofa. Na ba wani bawan Allah haya, shekara-shekara yake biya, in kaka ta yi sai ya kawo kuɗin. Dillali ne ya haɗa mu, ba mu taɓa rubuta komai ba. Bana kuɗinsa sun ƙare, wata biyu ke nan bai sabunta ba, sai dai "ana nan ana ƙoƙari, Alhaji." Ga shi wani ɗan hatsi daga Dandume yana son gidan gaba ɗaya, ya zauna da iyalinsa ya mai da shagon sito, kuma ya taya ninkin abin da nake karɓa. Na ce wa ɗan hayar ya tashi nan da sati biyu, ya ce ba inda za shi da yara. Wani abokina ya ce in sa kafinta ya cire kwano biyu ko uku, da kansa zai kwashe kayansa. Ni dai zuciyata ba ta kwanta da wannan ba. Mene ne hurumina?

Ɗan Makera:
Wa'alaikumus salam. Alhaji, gidanka ne ko na gwamnati? Da guminka ka gina. Wanda bai biya ba ai ba ɗan haya ba ne kuma, baƙo ne. Sayi sabon kwaɗo kawai, ranar da suka fita ka garƙame.

Uwar Biyu:
Haba Ɗan Makera, ka ji tsoron Allah. Kwaɗo da yara a gida? Ni an taɓa yi mini irin wannan. Muna cikin damina mai gidan ya yanke mana wuta, ya sa aka cire guga da igiya daga rijiya, wai don mun yi jinkirin wata ɗaya. Har yau in na tuna sai raina ya ɓaci.

Barista:
Alhaji, Allah ya saka da alheri da ka tambaya kafin ka aikata. Kada ka taɓa kwanon nan, kada ka taɓa kwaɗon. Ranar da ka yi ɗaya daga cikinsu, ranar za ka tashi daga mai gaskiya ka koma wanda ake ƙara.

Gidan naka ne, babu gardama. Amma tun ranar da ka miƙa masa mukulli, zaman gidan ya koma hannunsa, kuma doka ba ta yarda ka ƙwace shi da ƙarfinka ba ko da kuɗinsa sun ƙare. Cire rufi, canza kwaɗo, watso kaya waje, yanke wuta ko ruwa don a takura wa mutum, turo 'yan daba, duk suna iya jawo maka tuhuma biyu: ta laifi, wato kutse da ɓarnata dukiya, da kuma ta diyya. Sai ka ga wanda kake bi kuɗin wata biyu ya zama shi ke bin ka kuɗin da ya fi na shekara.

Hanyar da doka ta shimfiɗa a mafi yawan jihohin ƙasar nan, idan babu wata yarjejeniya da ta faɗi akasin haka, ita ce notis, wato takardar sanar da ɗan haya ya tashi, gwargwadon irin hayar. Mai biya sati-sati, notis na sati guda. Mai biya wata-wata, wata guda. Mai biya duk wata uku, wata uku. Mai biya shekara-shekara kamar naka, wata shida. Idan wannan ya cika bai tashi ba, sai ka sake ba shi wata takarda ta kwana bakwai, wadda ke sanar da shi cewa za ka je kotu neman gidanka. Bayan nan sai ƙara. Alƙali ne zai ba da umarnin a fitar da shi, ma'aikatan kotu ne za su zartar, ba kai ba.

Alhaji Mai Taki:
Wata shida, Barista? Ai kafin nan kaka ta wuce, mai hatsin ya samu wani wuri.

Barista:
Zai iya samu, ranka ya daɗe. Wannan ita ce asarar rashin takarda. Da kun rubuta cewa hayar ta shekara ɗaya ce cif, daga rana kaza zuwa rana kaza, kuma ba ta sabuntuwa sai da sabon rubutu, da wa'adin na cika notis na kwana bakwai ya ishe ka. Ko da kun rubuta cewa wata biyu ne notis a tsakaninku, kotu za ta bi abin da kuka amince. Da yake ba ku rubuta ba, kuma ya yi shekaru yana kawo kuɗi kana karɓa, ya zama ɗan hayar shekara-shekara a idon doka. Mutanenmu suna ɗauka takardar yarjejeniya gata ce ga ɗan haya. Ni a aikina, masu gida ne suka fi kuka da rashinta.

Amma fa zaman da zai yi a cikin wata shidan ba kyauta ba ne. Kana da damar neman kuɗin duk kwanakin da ya zauna har ranar da ya miƙa mukulli.

Ɗan Makera:
Kun ji irinta ko? Dokar Bature kullum bayan mai taurin bashi take. Wannan a Legas da Abuja ake yin sa. Mu nan in ka je wurin mai unguwa ko ofishin 'yan sanda, kwana uku magana ta ƙare.

Barista:
Mai unguwa sulhu yake yi, kuma ina ba kowa shawarar ya fara daga can, don ya fi araha ya fi sauri. Amma ba shi da ikon fitar da mutum daga gida. 'Yan sanda kuwa, dokarsu ta 2020, sashe na 32, ta hana a kama mutum saboda rigimar da ba ta laifi ba ce ko saɓa yarjejeniya. Bashin haya yana cikin wannan. Wanda ya sa aka tsare ɗan hayarsa a kan kuɗin haya ya buɗe wa kansa ƙofar wata ƙarar ta take haƙƙin ɗan'adam.

Kuma batun ɗaukar doka a hannu, ko gwamnati ba ta tsira ba. Gwamnatin soja ta Jihar Legas ta tura jami'ai da makamai suka fitar da Ojukwu, tsohon jagoran Biyafara, daga wani gida a Ikoyi alhali maganar tana gaban kotu. A 1986 Kotun Ƙoli ta yi tir da abin da kakkausar murya. In an faɗa wa gwamna mai bindiga haka, ina ga ni da kai?

Almajirin Fiƙihu:
Ina son in gyara wa Malam Ɗan Makera abu guda, kada a tafi da cewa wannan ra'ayin Turawa ne kaɗai. A wurin malamanmu na Malikiyya haya ciniki ce, sai dai abin da aka sayar amfanin gidan ne na wani lokaci, ba ginin ba. Sun kasa ta gida biyu. Akwai wadda aka yanke wa wa'adi, kamar a ce na ba ka shekarar nan a kan kaza. Wannan ta lizimci kowa, mai gida ba zai fasa ba don wani ya zo da tayi mai tsoka. Akwai kuma ta "kowane wata kaza" ba tare da an faɗi ƙarshe ba. Wannan kowa na iya fita daga cikinta, sai dai gwargwadon abin da aka riga aka biya, shi kam dole a bar mutum ya cinye kwanakinsa.

To a mas'alar Alhaji, wa'adin da aka biya ya ƙare, don haka yana da haƙƙin neman gidansa. Amma wa zai zartar? Alƙali. Ba a ba mai haƙƙi damar ya zama shi ne mai ƙara kuma shi ne mai hukunci ba. Sannan akwai aya ta 280 a Suratul Baƙara, wadda ta ce a jinkirta wa wanda ke cikin ƙunci har ya samu sauƙi. Sai Alhaji ya duba, mutumin nan babu ce ta kama shi ko taurin kai ne? Hukuncin biyun ba ɗaya ba ne a wurin Allah.

Alhaji Mai Taki:
Allah ya gafarta Malam, gaskiya ba mai taurin kai ba ne. Direban babbar mota ne, motar ta kwanta. Shekarun baya bai taɓa saɓawa ba.

Hajiya Mai Gidaje:
To Alhaji, ni shawarar 'yar kasuwa zan ba ka, ba ta lauya ba. Raba shagon da gidan. Ka zauna da ɗan hayar a gaban mai unguwa, ya sakar maka shagon ka ba mai hatsi ya zuba masararsa, shi kuma a rage masa kuɗi a ba shi lokaci, a rubuta. Mai hatsi sito ya fi buƙata, ba ɗakin kwana ba. Kuma ka yi hattara da masu tayin ninki lokacin kaka. Na ba irinsu ɗaki. Nauyin buhuna ya fasa mini daɓen siminti, ɓeraye suka cika gidan, ga warin maganin ƙwari da suke sakawa a hatsi, har maƙwabciya ta kawo mini ƙara don yaranta. Da farashi ya tashi suka sayar suka tafi, ni aka bari da gyara.

Mai Shayin Tasha:
Hajiya ta taɓo inda ke mini ƙaiƙayi. Gyara fa? Ɗakina yana yoyo tun bara, na ajiye roba uku a kan gado da bayan ƙofa. Mai gidan ya ce in gyara da kuɗina tunda ni ke kwana a ciki. Wa ke da alhaki?

Barista:
A nan zan faɗi abin da 'yan haya ba sa son ji. Idan babu yarjejeniya, dokar da muka gada ba ta ɗora wa mai gidan da ya ba da ɗaki babu kaya a ciki wani babban nauyin gyara kai tsaye ba. Abin da aka saba rubutawa, kuma shi ne adalci, shi ne mai gida ya ɗauki jikin gini: rufi, bango, katanga, shadda, babban bututun ruwa. Ɗan haya ya ɗauki ƙananan abubuwan da amfani ke lalatawa: ƙwan fitila, kan famfo, mariƙin ƙofa, gilashin da yaronsa ya fasa. Wuraren da kowa ke amfani da su a gidan haya mai ɗakuna da yawa, kamar zaure, tsakar gida da banɗaki, suna hannun mai gida, don haka lafiyarsu tana wuyansa.

Kuma kada ka gyara ka cire daga kuɗin haya ba tare da ya amince ba. Rubuta masa, ko saƙon waya ne, ya amsa, ka ajiye rasit ɗin kwano da ƙusa da kuɗin kafinta. In ba haka ba ranar lissafi zai ce bai sa ka ba, kai kuma ka zama mai bashi.

Almajirin Fiƙihu:
Abin mamaki, a nan ma maganar ta kusa haɗuwa. Sanannen zance a mazhaba shi ne ba a tilasta wa mai gida gyara. Amma idan ɓarnar mai cutarwa ce, kamar yoyon da ya hana kwana ko bangon da ke shirin faɗuwa, ɗan haya yana da zaɓin ya warware hayar ya fita, kuma ba a cin kuɗinsa na kwanakin da bai zauna ba. Idan kuma mai gida ya gyara kafin ɗan hayar ya fita, sai ɗan hayar ya ƙarasa wa'adinsa. Wato ba za a ɗaure ka ka gyara ba, amma ba za ka ci kuɗin amfanin da ba ka bayar ba.

Mai Shayin Tasha:
Allah ya gafarta Malam, in fita in je ina? Wannan zaɓin a takarda yake. Tun da mutanen Faskari da Sabuwa da ƙauyukan Dandume suka fara kwararowa saboda 'yan bindiga, ɗaki ya zama zinariya a garin nan. Ka fita da safe, kafin azahar wani ya shiga da yoyon da komai, har da ƙari a kan kuɗin. Masu gida sun san haka, shi ya sa ba sa ko ɗaga waya.

Hajiya Mai Gidaje:
Kai ma ka yi mana adalci. Ka je ka tambayi kuɗin buhun siminti da bandir ɗin kwano yau, ka gwada da na shekara uku baya. Hayar shekara guda ta ɗaki ɗaya ba ta sake rufin ɗakin. Wasunmu marayu muke riƙo da kuɗin nan. Ba na kare wanda ya ƙi gyara yoyo, wannan rashin tausayi ne, kuma gininsa yake kashewa. Amma ba kowane mai gida ne Ƙaruna ba.

Duba-gari Mai Ritaya:
Ku bar ni in sa baki a kan shadda, don aikina ne shekara da shekaru. Ko babu yarjejeniya ko akwai, gidan da mutane ke kwana babu wurin bahaya, ko masai ya cika yana malala kan hanya, ko rijiya a buɗe ba murfi kusa da shadda, wannan ya fita daga tsakanin mai gida da ɗan haya, ya zama lafiyar jama'a. Sashen lafiya na ƙaramar hukuma yana da ikon ba da takardar gargaɗi, a ba da kwanaki a gyara, in an ƙi a kai kotu. Mu a zamaninmu mai gidan muke nema, don shi ke da ginin. Na sha shiga gida mai ɗaki goma sha, banɗaki ɗaya, an toshe wurin da ya kamata a yi na biyu an mai da shi ɗakin haya. Irin gidajen nan ne amai da gudawa ke fara kamawa da damina.

Sabon Ango:
Tambaya kan wuta. Na kama gida, da aka kawo takardar kuɗin wuta sai na ga bashi mai yawa na wanda ya tashi. Mai gidan ya ce ba ruwansa.

Barista:
Da ruwansa. Hukumar NERC mai kula da harkar lantarki ta sha bayyana cewa bashin wuta na wanda ya sha ne, ba a ɗora wa sabon mai shiga. Amma a aikace layin gidan ake yankewa, kai ne za ka kwana a duhu. Mai gida mai hankali ba ya karɓar mukulli daga mai tashi sai ya ga shaidar biyan wuta da ruwa. Kai kuma ka rubuta wa ofishin kamfanin ƙorafi, ka haɗa da shaidar ranar da ka shiga. Ka ga inda rasit ke amfani. Kana da shi?

Sabon Ango:
Dillalin ne ya karɓi kuɗin, ya ce ai mu Musulmi ne, amana ta fi takarda.

Almajirin Fiƙihu:
Ka ce masa aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Baƙara, a kan rubuta bashi ta sauka, kuma Musulmi aka yi wa magana.

Dillalin Sabon Gari:
To an zo kanmu, dama na san za a zo. Ba duka muka taru muka zama ɗaya ba. Ni ba na karɓar kuɗin haya a hannuna, la'adata kawai nake karɓa, in kai mutum gaban mai gida ya biya. Kuma in faɗa muku gaskiya, sau da yawa masu gidan ne ba sa son rasit. Wani yana tsoron haraji, wani gidan na gado ne bai son 'yan'uwa su san nawa yake karɓa.

Malamar Firamare:
To wannan ɓoye-ɓoyen ya kusa ƙarewa, ko ba don kotu ba. Sabuwar dokar haraji da ta fara aiki a Janairun 2026 ta ba mai biyan haraji damar a cire kashi 20 cikin ɗari na kuɗin hayar da yake biya a shekara daga kuɗin shigar da ake yanka masa haraji a kai, iyakarsa naira 500,000. Ma'aikacin da ke son cin wannan moriyar sai ya nuna abin da ya biya. Ni dai na riga na gaya wa mai gidanmu, bana ba rasit ba kuɗi.

Hajiya Mai Gidaje:
Malama, ai sai ya ce ki nemi wani gidan.

Malamar Firamare:
Ya faɗa, Hajiya. Da ya ga ni kaɗai ce ba na saɓa wata a gidan, sai ga shi da ƙaramin littafin rasit daga kasuwa.

Barista:
Maganar gidan gado da Dillali ya kawo tana da muhimmanci, don ita ce ta fi cika kotunanmu. Mutuwar mai gida ba ta kashe haya. Sayar da gida ma haka. Magada ko wanda ya saya suna karɓar gidan ne da ɗan hayar da ke ciki har wa'adinsa ya cika, in suna son ya tashi su bi hanyar notis. Wanda zai sayar da gida wajibinsa ne ya gaya wa mai saye akwai mutum a ciki da kuma lokacin da kuɗinsa za su ƙare. Shi kuma ɗan haya, in magada suka rabu kowa na cewa a ba shi, kada ya biya kowa sai sun nuna wanda suka wakilta a rubuce ko wanda kotu ta naɗa.

Almajirin Fiƙihu:
Haka yake a wurin malamanmu, haya ba ta warwarewa da mutuwar ɗayansu. Ƙari ɗaya kan abin da ba wanda ya ambata: shiga gida. Wasu masu gida suna faɗawa tsakar gidan da suka ba da haya ba sallama, wai sun zo duba bango, alhali matan mutane na ciki. Aya ta 27 a Suratun Nur ta hana shiga gidan da wani ke zaune sai da izini. Mallakar ginin ba ta ɗauke maka wannan ba.

Ɗan Makera:
Na ji duka. Amma Barista ka faɗa wa Alhaji gaskiyar daɗewar shari'a. Wani maƙwabcina ya bi duk matakan nan, ranar ƙarshe lauyan ɗan hayar ya ce notis ɗin ya gaza da kwana kaɗan, aka ce a koma farko.

Barista:
Wannan ya faru da mutane da yawa, ba zan musa ba, kuma shi ke tura masu gida ga kwaɗo. Da can kuskuren kwana ɗaya a lissafi yana rusa ƙara, musamman a hayar shekara da ake so notis ya ƙare daidai da zagayowar ranar da aka fara. A 2021 Kotun Ƙoli, a shari'ar kamfanin Pillars da Desbordes, ta nuna cewa ba za a bar ɗan haya ya ɓuya bayan kuskuren notis ya yi ta zama shekaru ba, sammacin kotu da aka kai masa ya isa sanarwa cewa ana son gidan. Lauyoyi na ta ja-in-ja kan iyakar wannan hukuncin, don haka ba na ba kowa shawarar ya tsallake notis yana dogaro da shi. A rubuta daidai tun farko: sunan ɗan haya, wane gida, wace irin haya, ranar da za ta ƙare, sa hannun mai gida ko wanda ya wakilta a rubuce. A miƙa a gaban shaida, a ajiye kwafi.

Kuma dokar haya ta jiha ce, ba ta tarayya ba. Abin da kuke ji cewa an hana karɓar kuɗin fiye da shekara guda daga sabon ɗan haya, dokar Legas ce ta 2011, ba ta aiki a kan gidan da ke Funtua. Kafin ka rubuta notis, Alhaji, ka leƙa rajistarar kotun da ke kusa da kai ko ka nemi lauya a nan garin ya duba maka.

Alhaji Mai Taki:
Na gode ƙwarai, Allah ya bar zumunci. Kafinta dai na sallame shi. Zan gwada shawarar Hajiya, in mai hatsin ya yarda da shagon kaɗai. Barista, in na zo rubuta sabuwar yarjejeniyar, da Hausa za ta yi ko dole sai da Turanci?

Barista:
Da Hausa ta yi, da ajami ma ta yi, muddin ku biyun kun fahimci abin da ke ciki kuma akwai shaidu. Idan ɗayanku ba ya karatu, a karanta masa, a rubuta a ƙasa cewa an karanta masa ya gane kafin ya dangwala, wanda ya rubuta ya sa sunansa.  Na mai hatsin kuma a yi ta daban, a sa waye zai gyara daɓe.

Mai Shayin Tasha:
Ni fa har yanzu ba a gaya mini yadda zan yi da robobina uku ba.

Hajiya Mai Gidaje:
Tura masa saƙo yau kamar yadda Barista ya ce, ka haɗa da hoton silin ɗin. In ya yi shiru kwana biyu, biyo ni ta akwatin sirri ka faɗa mini unguwar. Masu gidajen garin nan mun san juna, kuma akwai wanda yake jin kunyarsa.